Gingimarin da ke Miƙewa Tsaye: Tarken Ƙirar Optimus Prime MP-10

Akwai kayan wasan da ba don yara ake ƙera su ba. Kamfanin Takara Tomy na ƙasar Japan yana da wani jerin mutum-mutumi da ya sa wa suna Masterpiece, kuma manya masu abin hannunsu ne ke saye, su jera a kabad mai gilashi, su yi ta musu a kansu kamar yadda masu dawaki ke musu a kan ingarma. Na goma a jerin, wato MP-10, ya fito a watan Satumba na shekarar 2011. Jar gingimari ce mai jan tirela, wadda in aka buɗe nan, aka lanƙwasa can, aka juya ƙugu, sai ta miƙe tsaye ta zama mutum-mutumi mai tsawon kusan santimita 24. Sunansa Optimus Prime a Amurka, a Japan kuma Convoy.

Fiye da shekara goma ke nan da fitowarsa, an kuma ƙera wani bayansa wanda ya fi shi tsada, ya fi shi kama da na talabijin, amma har gobe masu tara irin waɗannan kaya ba su daina komawa kansa ba. Ra'ayina shi ne sun yi daidai. MP-10 yana da aibu, wasu ma masu ban haushi, sai dai ya riƙe abu guda da ya fi muhimmanci a wannan sana'a: hanyar da ke tsakanin mota da mutum-mutumi. Domin a fahimci dalili, dole sai an san irin matsalar da aka ɗora wa masu ƙera shi.

Inda matsalar ta samo asali

Da yawa suna zaton katun ne ya haifi abin wasan. Akasin haka ne. Kamfanin Takara ya fara wani jerin kayan wasa mai suna Diaclone a 1980, a 1982 ya shigo da motoci masu rikiɗa a cikinsa, a 1983 kuma ya fitar da wata babbar mota mai suna Battle Convoy, wadda aka kwaikwayo daga motocin Freightliner na Amurka, irin masu shafaffen goshi, waɗanda direba ke zaune a saman inji. A labarin Diaclone waɗannan motoci ba su da rai, ƙananan mutane ne ke tuƙa su, shi ya sa akwai wurin zama a cikin ƙirjin abin wasan. Kamfanin Hasbro na Amurka ya sayi izinin sayar da su, ya haɗa su da wasu kayan Takara na jerin Micro Change, ya ba su sababbin sunaye da sabon labari, ya fitar da su a 1984 da sunan Transformers. Katun ɗin da aka fara nunawa a wannan shekara, talla ce ta waɗannan kaya.

To, masu zanen katun suna da ƴancin da maƙeri ba shi da shi. Abin wasan asali yana da ƙaramin kai, da gajerun cinyoyi, da tayoyi a fili, hannayensa kuwa cire su ake yi a ajiye gefe in za a mayar da shi mota. Masu zane suka gyara duk wannan da alƙalami. Suka faɗaɗa ƙirji, suka tsuke ƙugu, suka tsawaita ƙafafu, suka share tayoyin. Tirelar ma, in ya tashi zama mutum-mutumi, sai ta ja baya ta ɓace, ba wanda ya san inda take zuwa, ta kuma dawo in an buƙace ta. Yaran da suka kalli wannan katun sun girma da siffar zanen a zukatansu, ba siffar abin wasan ba.

Da waɗannan yara suka zama manya masu albashi, sai suka nemi a ba su abin da suka gani a talabijin, a hannu, kuma ya riƙa rikiɗa da gaske. Wato an nemi maƙeri ya cika alkawarin da mai zane ya ɗauka ba tare da ya shawarce shi ba. A zane taya na iya ɓacewa. A hannu kuwa, taya shida ce, kuma kowace sai an sama mata maɓoya a cikin jikin da ba shi da sarari. Duk wani Optimus Prime na Masterpiece amsa ce ga wannan tambaya guda: ina za a kai abin da zane ya share?

Amsar farko

Amsar farko ta zo a ƙarshen 2003, ita ce MP-1, ƙirar Hironori Kobayashi. Ƙato ne, tsawonsa ya kai santimita 30, an zuba masa ƙarfe a ƙirji da ƙafafu har in ka ɗauke shi sai hannunka ya shaida. Yana da fistin masu motsi a gaɓoɓi, da tayoyin danƙo, da fitila a cikin ƙirji, da maɓalli a ƙeya wanda in an danna takunkumin bakinsa ke motsi kamar yana magana. A zamaninsa ba a taɓa ganin irinsa ba, shi ne ma ya nuna wa kamfanin cewa akwai kasuwar manya.

Amma nauyin da ya sa ake girmama shi, shi ne kuma ya zame masa kaya. Jikin sama mai nauyi a kan gaɓoɓin da ke sassautawa da tsufa, ƙarshensa faɗuwa ne, kuma ƙarfen da aka yi wa fenti in ya bugu sai ya ɓare. Motar da yake zama ba ta kai mutum-mutumin kyau ba. Bai zo da tirela ta gaske ba sai a fitowar 2006, mai lamba MP-4. Babbar matsalar kuwa ita ce girmansa: in shugaba ya kai santimita 30, to mabiyansa da ke zama ƙananan motoci su ma sai sun yi girman da ba kowa zai iya saye ko ajiyewa ba. Saboda haka aka yi shekaru jerin na tafiya ba tare da ma'auni guda ba.

MP-10 ya zo ne ya rage tsawo, ya rage ƙarfe, ya kafa ma'aunin da sauran za su bi. Sunan Shogo Hasui ne ke haɗe da wannan zamani na jerin, domin shi ya ja ragamarsa a shekarun da suka biyo baya. A 2012 aka fitar da MP-12, mai zama motar Lamborghini Countach, da izinin kamfanin motar, kuma an auna shi ne da MP-10, har ma yana shiga cikin tirelarsa. Daga nan jerin ya zama gida guda maimakon tarin baƙi.

Ma'auni uku

Kafin a yanke wa irin wannan abu hukunci, ya kamata a san da me ake auna shi. Mutum-mutumi mai rikiɗa yana da iyayen gida uku. Na farko mota: in an ajiye ta a tebur, shin mai wucewa zai ɗauke ta mota ce kawai? Na biyu mutum-mutumi: yana da kwarjini, yana iya tsayuwa, yana iya motsa gaɓoɓinsa? Na uku shi ne hannun mai shi: juyawar tana da daɗi, tana da ma'ana, kuma mutum na iya yin ta ba tare da gabansa na faɗuwa ba?

Hotunan talla na biyun farko kaɗai suke nunawa. Na ukun ba ya fita a hoto, sai an taɓa. Amma shi ne dalilin samuwar abin baki ɗaya. Wanda ke son mota kawai, akwai masu ƙera ƙananan motoci da suka fi kowane Transformer kyau. Wanda ke son gunkin da ba ya rikiɗa, shi ma akwai nasa, kuma ya fi kama da katun nesa ba kusa ba. Abin da mai sayen MP-10 ke biya shi ne dabarar da ta sa abu guda ya zama abu biyu. In aka zalunci wannan uban gida na uku don a faranta wa sauran, an sayar da akuya ne an sayo igiya.

Abin da ya yi daidai

Mu fara da ƙirji, domin nan ne zuciyar ƙirar. Gilasan gaban motar su ne ƙirjin mutum-mutumin. Ba a yi wasu na bogi an ɓoye na gaskiya ba. Mai kallo yana iya bin abin da idonsa: wannan tagar da direba ke leƙowa ta cikinta, ita ce wannan da ke kan ƙirjin jarumi. Salansa biyu masu ƙyalli da ke tsaye a bayan kan mota su ne ke kan kafaɗunsa. Tankunan mai su ne ke gefen ƙafafunsa. Wannan shi ne abin da ke ba mutum-mutumi mai rikiɗa gaskiyarsa. Kana kallonsa a tsaye kana ganin motar da ya fito daga cikinta, kana kallon motar kana hango mutumin da ke naɗe a ciki.

Sai batun tayoyi, tsohuwar matsalar da zane ya bari. MP-1 ya bar tayoyin baya a fili a gefen ƙafafu. MP-10 ya yi musu marufai da ke juyowa su rufe su, tayoyin gaba kuma suna naɗewa su shige cikin gangar jiki. Sakamakon shi ne ƙafa mai tsabta irin ta katun, ba tare da an cire komai an ajiye gefe ba. Dabarar ba ta da wani surkulle. Ƙyaure ne da ke juyawa a kan maƙalinsa, kuma sauƙinta shi ne kyawunta.

Juyawar kanta tana tafiya ne daki-daki, kowane mataki yana buɗe ƙofar na gaba. Kai ya shige, hannaye su naɗe su zama gefen kan mota, ƙugu ya juya, ƙafafu su haɗe su miƙe baya. Wanda ya yi sau biyu ko uku da takardar bayani, na huɗu ba ya buƙatarta, domin hannu ya haddace. Sassan suna da kauri, maƙalansu suna kamawa da ƙarfi, gaɓoɓin cinya da gwiwa masu haƙori ne, suna ƙas-ƙas in an motsa su, suna kuma tsayawa inda aka bar su. Mutum na iya ɗaukar sa da yamma, ya mayar da shi mota, ya sake tayar da shi, don nishaɗi kawai. Wannan ba ƙaramin yabo ba ne ga abu mai wannan tsada.

Akwai kuma ladabin da ƙirar ta yi wa tarihinta. An bar wurin zama a cikin kan motar, an kuma haɗo da ɗan ƙaramin mutum, wato Spike, yaron da ke abota da su a katun, wanda ke iya shiga ya zauna. Wannan gaisuwa ce ga Diaclone, inda direba ke ciki. In an buɗe ƙirji kuma, akwai Matrix, tambarin shugabancin da aka fara gani a fim ɗin 1986, fim ɗin da aka kashe Optimus Prime a cikinsa, yara suka fita daga silima da hawaye. A ce ƙirji guda ya ɗauki kujera, da tambari, da maɓoyar kai, da tayoyi, kuma bai kumbura ba, wannan aikin lissafi ne na gaske.

Ta fuskar siffa, MP-10 ya tsaya a tsakiya. Ya ɗauki fasalin jikin katun, amma ya bar masa alamun mota ta gaske: kawunan ƙusoshi a jikin bodi, madubai, abin share gilashi, tayoyin danƙo, ƙyallin ƙarfe. Wato yana nuna yadda jarumin zai kasance da a ce a duniyarmu yake, da nauyi, da ƙura, da man inji. A ganina wannan matsaya ita ta fi dacewa da abin da ake riƙewa a hannu, domin abin da ke da nauyi da inuwa ba zai taɓa zama zane ba ko an so.

Aibu iri biyu

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Masu kushe MP-10 sukan jera aibunsa a layi ɗaya, alhali iri biyu ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba. Akwai aibun da farashin rikiɗa ne, ba makawa sai an biya shi a wani wuri. Akwai kuma wanda ba ruwansa da rikiɗa, rashin kula ne kawai.

A kashi na farko akwai tsawon hannaye. In ya tsaya ya saki hannayensa, sukan sauka ƙasa fiye da kima, har wasu na yi masa ba'a da goggon biri. Gaskiya ne. Amma hannayen nan su ne ke cike gefen kan mota, kuma kan mota yana da tsawo da faɗin da ba za a iya ragewa ba in ana son motar ta fito. Ko dai a bar hannun da tsawonsa, ko a ƙara masa wasu gaɓoɓin da za su tsuke shi, tare da ƙarin wahala da ƙarin wurin karyewa. An zaɓi na farko. In an lanƙwasa gwiwar hannu kaɗan, aibun ya kan ɓuya.

Haka bayan motar. Daga gaba gingimari ce sosai, amma in an cire tirela aka dube ta daga sama ko daga baya, kowa zai ga ƙafafun mutum-mutumi ne a kwance. Babu wani shasi na gaske a wurin. Shi ma wannan farashi ne, kuma an saka shi a inda ya fi sauƙin yafewa, tunda tirela na rufe mafi yawansa. Haka nan rashin iya sunkuyawa: cikinsa ba ya lanƙwasa, domin cikin cike yake da tayoyi da sassan mota. Sannan ga ma'auni: an auna jerin ne da tsawon mutum-mutumi, ba da girman mota ba, shi ya sa in ka jera gingimarin da Lamborghini sai ka ga babbar motar ta yi ƙanƙanta. Duk waɗannan, mai adalci zai karɓe su, domin ba a cin biyu a wannan sana'a. Abin da aka ƙara wa mota, daga jikin mutum-mutumi ake yanko shi.

Kashi na biyu kuwa ba shi da wannan uzuri. Na farko idanu. A fitowar Japan ta farko an yi masa idanu masu duhu, suka kuma faɗa ƙarƙashin inuwar kwalkwali, ta yadda daga ɗan nesa sai ka ga kamar ramuka ne. Fuskar da takunkumi ya rufe rabinta ba ta da abin magana sai idanu. In sun mutu, fuskar ta mutu. Kuma wannan ba ya buƙatar wata dabara, ɗigon fenti mai haske ne kawai, kamar yadda fitowar Hasbro ta 2012 ta nuna, inda aka yi musu shuɗi mai haske.

Na biyu bindiga. An yi mata dabarar naɗewa gida biyu da sifirin, don ta shige wata ma'ajiya a bayansa. Tunanin yana da kyau, tunda yana nufin babu abin da za a ajiye gefe. Sai dai don ta shiga ma'ajiyar sai da aka rage mata girma, ta fito ƴar siririya a hannun ƙaton jarumi. Abin da ya fi wannan muni shi ne riƙonta. Wani ɗan harshe ne a mariƙinta ke shiga wani tsagi a tafin hannu, kuma kamun ba shi da ƙarfi. Masu shi da yawa sun koka cewa takan sulluɓe in an motsa hannun. Jarumin da ba ya iya riƙe makaminsa da kyau, an yi masa gori.

Na uku hannun kansa. Babban yatsa a kafe yake, manuniya ce kaɗai ke motsi ita kaɗai, sauran ukun a haɗe suke, wuyan hannu kuma juyawa kawai yake yi. MP-1 da ya girme shi da shekara takwas ya fi shi ƴancin yatsu. Hannu shi ne abu na biyu bayan ido wajen nuna hali, kuma a nan an yi rowa. Gatarin nan mai launin ruwan lemo da ake sanya masa a kan dunƙulen hannu yana da kyau, amma ba ya maye gurbin hannun da ke iya nuni, da roƙo, da gargaɗi.

Me ya sa wannan rarrabewa ke da amfani? Domin ita ke nuna wa mai ƙira abin da ya kamata ya gyara da abin da ya kamata ya bari. Da an ɗauki MP-10 an gyara masa ido da hannu da bindiga, da an sami abin da ke kusa da kammala. Abin da ya faru a zahiri daban ne: an koma ana yaƙi da aibun kashi na farko.

Tirela

Kafin mu je can, sai an ce wani abu game da tirela, tunda ita ta cinye rabin kwali da kaso mai tsoka na kuɗin. Tana buɗewa gida biyu ta zama sansani, da injin gyara mai hannu, da ƴar ƙaramar mota mai taya shida da ake kira Roller, kamar dai a abin wasan asali. Ana iya tsayar da ita a tsaye ta zama rumfar gyara. In tana maƙale da kan mota, kyan abin yana cika. Amma gaskiyar magana, akwati ce babba mai launin toka wadda mafi yawanta fanko ne, kuma da yawan masu ita sukan buɗe ta sau ɗaya su mayar kwali. Katun ya san abin da yake yi da yake ɓatar da ita. A kabad kuwa ba ta ɓacewa, wuri take ci. Ba zan kira ta aibu ba, amma haraji ce da ake karɓa daga kowa don biyan buƙatar wasu.

Darasin MP-44

A 2019 Takara Tomy ya fitar da Optimus Prime na uku, MP-44, a kan yen 50,000, fiye da ninki biyu na kuɗin da aka sa wa MP-10. Manufarsa a fili take: ya zama katun ɗin kansa ya sauko daga allo. Kuma ya yi nisa a wannan. Fasalin jikinsa ya fi daidai, hannayensa ba su yi tsawo ba, yana sunkuyawa, yana durƙusawa, yana yin tsayuwar da MP-10 ba zai iya ko kusa ba. Ya zo da kawuna na canji, da sassan da ke nuna raunin yaƙi, da ƙananan mutane uku, da na'urar sauti.

Da me aka biya? Da sassan bogi, da farko. Domin ƙirjin katun da gaban mota ta gaske ba siffa ɗaya ba ne, sai aka yi kowanne daban: ƙirjin da kake gani ba shi ne gaban motar ba, bangon motar naɗe shi ake yi a ɓoye. Abin da aka ɓoye kuwa sai ya sami wurin zama, shi ya sa ya goya ƙaton ƙunshi a baya, wanda na'urar sauti ta ƙara wa kumburi. Juyawar ta zama doguwar tafiya ta siraran faifai masu fenti da ke gogar juna, kowane mataki da fargabar ƙarzuwa. Sannan jim kaɗan da fitowarsa aka yi ta kuka da gwiwoyinsa, waɗanda tsarinsu mai sarƙaƙiya ya sa suka lalace a hannun wasu. Irin wannan kuka na wahalar juyawa da ɓarewar fenti an riga an yi shi a kan MP-36, wato Megatron na 2017.

A nan ne tambayar ta daina zama ta kayan wasa kawai. Idan mota da mutum-mutumi ba su tarayya a sassan da ido ke gani, to rikiɗa ta koma sauya riga: a tuɓe wannan a cusa a jaka, a ɗauko waccan. Idan kuma mai abu yana tsoron taɓa abinsa, ya juya shi sau ɗaya ya rantse ba zai ƙara ba, to gunki ya saya, kuma ya biya kuɗin dabarar da ba zai more ta ba.

Masu goyon bayan MP-44 suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce: mu jarumin muke so, ba injiniyanci ba. Kashi casa'in da tara na rayuwar abin a tsaye yake cikin kabad, to me ya sa za a ɓata tsayuwarsa saboda ƴan mintocin juyawa? Sukan ƙara da cewa ɓoye mota guda cikin jikin da bai nuna alamarta ba, shi ma gwaninta ce, wataƙila ma ta fi. Na yarda gwaninta ce. Wanda ya tsara MP-44 ya warware lissafin da ya fi na MP-10 wuya. Amma wahalar aiki ba ita ce ma'aunin kyansa ba. Ɗinkin da ya ci wata uku, in rigar ba ta sawuwa, tela ya nuna iyawa ne bai biya buƙata ba. Kuma mai cewa abin a tsaye yake kullum, ya tambayi kansa ko tsoron juyawar ne ya sa hakan.

Hukunci

Shaidar ƙarfin ƙirar MP-10 tana cikin yawan rigunan da aka sanya masa. An fitar da shi baƙi, an fitar da shi da launukan Evangelion, da na kamfanin tufafi na A Bathing Ape, da na shagunan 7-Eleven, da na Ghostbusters. Masana'antun da ba su da izini a ƙasar Sin sun kwaikwaye shi, har da waɗanda suka ƙara masa girma. Ƙirar da ke jure sauyin launi iri-iri ba ta rasa kamanninta ba, ƙashinta ne mai kyau.

Ga mai karatu da ke Maraɗi ko Garwa ko Kumasi, wanda in zai mallaki irin wannan sai ya yi oda daga nesa, ya biya kuɗin jirgi da na kwastan, kuma ba shi da shagon da zai mayar in wani abu ya karye, wannan bambanci ba na ra'ayi ba ne kawai. Abu mai kauri da sauƙin sarrafawa ya fi masa amfani a kan mai kyan hoto da siraran gaɓoɓi. Ya kuma kula da na jabu, domin suna da yawa kuma kwalinsu na ruɗi. In ya samu, ya nisanta shi da rana, wadda ke dusar da fenti tana mayar da farar roba rawaya, ya kuma kare gaɓoɓinsa daga ƙurar hunturu.

MP-10 ba shi ne ya fi kowa kama da katun ba, ba shi ne ya fi kowa motsi ba, ba kuma shi ne ya fi nauyi ba. Idanunsa na farko sun yi duhu, bindigarsa ta yi ƙanƙanta, yatsunsa sun yi tauri, kuma waɗannan ukun laifi ne da bai kamata a yafe wa kamfanin da ya karɓi irin wannan kuɗi ba. Sai dai ya raba hakki tsakanin iyayen gidansa uku ba tare da ya yanka ɗaya don sauran ba, ya kuma bar tagar direba ta zama ƙirjin jarumi. Duk mai son ƙera Optimus Prime na gaba, daga nan ya kamata ya tashi: ya gyara ido, ya saki yatsu, ya ƙarfafa riƙon bindiga, sauran kuma ya bar su yadda ya same su.